Ranar da Na Cire Fis a Tafiyar Dirin Daji

Ko me zan manta a aikin nan, ban da wata Talatar damina da muka je Dirin Daji. Ni direba ne a sashen lafiya nan Zuru, shekara ashirin da 'yan kai ina jan motar gwamnati. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, kuma ba wanda ya bari na manta da hakan.

A shekarar aka kawo mana sabon jami'in wayar da kai, Oga Bala, mai digiri biyu. Aikinsa zagaya ƙauyuka yana gargaɗin iyaye kan illar waya. Yana yawo da hotunan ƙwaƙwalwa guda biyu. Wai masu bincike sun lura cewa wanda ke wuni yana latsa waya, ɓangaren gaban kansa mai tsayar da hankali yakan yi sanyi, ɓangaren kwaɗayi kuma da waya ta yi ƙara sai ya zabura. Duk tafiya a mota yake bitar jawabin, daga cikin waya. Na ji shi har na gaji.

Sau ɗaya na manta lasifika a ofis za mu Ribah. Shi ke nan ya rubuta takarda wai kaina ya daina riƙe abu, a kawo matashi. A tsarinmu, in irin wannan takarda ta shiga fayil, karɓe makulli ake yi a mayar da kai gadin ƙofa. Sakatariya ta tsegunta mini cewa ranar Laraba zai miƙa ta.

Talata da safe, kafin ya fito, na zare fis, ɗan abin da ke kai wuta ramin cajar mota, na jefa aljihu.

Tun daga unguwar Rikoto yake kallon bidiyo yana dariya shi kaɗai. Can ya ɗago. "Baba Garba, cajar nan ba ta ci."

Na ce, "Motar gwamnati ce, Oga. Mi ke ci cikinta?"

Ya ci gaba da kallo. Kafin mu isa wayar ta mutu, garin kuma babu wuta tun jiya.

Mun tarar da makarantar firamare cike. Mai unguwa, fasto da liman suna gaba, mata a kan benci. Oga ya ɗaga hotunansa ya ce, "Iyayena, ƙwaƙwalwa..." Sai sauran jawabin ya ɓace masa. Hannunsa ya tafi aljihu neman waya, ya dawo, ya sake tafiya. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, ko kai ne na cikin hoton?" Har fasto sai da ya sunkuyar da kai.

Ya matso kusa da ni, gumi har wuya. "Baba, me ke biye?"

Na karɓi lasifika. Na zuba musu jawabin tun daga farko, amma da bakina. Na ce kai kamar gona yake, inda ka daina nomawa ciyawa ke cinyewa. Na faɗi har wurin da yake cewa masana ba su gama tantance ko waya ce ke kawo raunin ba, ko mai raunin ne ke manne wa waya. Liman ya ce a ƙara, na ƙara.

Da muka kamo hanya, na tsaya gefen titi, na fito da fis na mayar a gabansa. Waya ta kama caji. Ya dube ni, ya dubi waya. In zai kai ƙarata, dole ya faɗi wanda ya yi jawabi a Dirin Daji.

Laraba ta wuce, makulli yana hannuna. Godiya kam ban samu ba, balle ƙarin girma.

Ku sababbin direbobi, ku riƙe wannan. Manya sun ɗauka mai tuƙi ba ya da kunne, don haka komai a mota suke zubarwa. Ku yi shiru ku kwashe. Kuma ku san inda akwatin fis yake.