Tara ga Maris a Falon Goggo

A kusurwar fuskar kwamfutar Goggo, can ƙasa ta dama inda ake ganin lokaci, kwanan wata bai taɓa canzawa ba. Kullum 9 ga Maris, 1999. Mutane sun shekara ashirin da ɗoriya suna wucewa ta gaban teburin nan, wani ya ajiye kofin shayi, wani ya nemi almakashi, wani ya jingina ya yi waya, kuma babu wanda ya taɓa sunkuyawa ya karanta.

Goggo kowa ke ce mata, har 'yar cikinta. Ta yi shekara talatin tana buga takardu a wani ofis mai hawa uku, kuma har yau in tana jiran ruwa ya tafasa yatsunta na tafiya a kan cinyarta kamar suna buga wasiƙa. A farkon shekarar nan ta 1999 ofis ya sauya na'urori, aka ce duk mai son tsohuwa ya ɗauka. Mijinta, wanda ya yi tuƙin motar ofis ɗin har ya yi ritaya kuma har gobe Direba ake kiransa, shi ya rungumo ta zuwa gida yana nishi. Shi ne ma ya raɗa mata suna Dattijuwa, saboda in aka kunna ta sai ta yi gyaran murya, ta yi tari biyu, ta yi shiru kamar mai tunanin ko ta tashi ko ta koma.

A cikin kwalin da aka haɗo ta akwai wani faifai da ya zo kyauta da wata mujalla, ɗauke da manhajar zana saƙa. Takarda ce mai ƙananan gidaje a fuskar kwamfuta: ka zaɓi launi, ka cika gida ɗaya, gida ɗaya kuwa ɗauri ɗaya ne na kwarashi. Goggo ta gani ta haukace. Matsalar ɗaya ce. Manhajar ta gwaji ce, kwana talatin, daga nan ta kulle kanta. Da ya rage kwana tara Goggo ta buga wa masu manhajar wasiƙa mai kyau, ba kuskure ko ɗaya, tana neman cikakkiyar. Kafin amsa ta zo sai ta yi dabara, ta riƙa mayar da kwanan wata baya kowace safiya. Bayan wata huɗu wasiƙar ta dawo mata da hatimi a jiki, wai babu kowa a wannan adireshi. Daga baya batirin agogon Dattijuwa ya mutu, ta koma duk aka kunna ta sai ta tambayi yau nawa ga wata. Goggo kuma ta ba ta amsar da ta saba. Manhajar ta buɗe, ta gaishe ta da cewa saura kwana tara, su kama aiki.

A cikin kwana taran nan Goggo ta saƙa hulunan jarirai da ba ta san iyakarsu ba, ta aurar da 'yarta, ta cire haƙori biyu.

Yanzu 'yar tata, wadda ke aikin jinya ake ce mata Nas, tana da cikin fari, saura mako uku. Goggo ta ɗauki wata huɗu tana zana bargon jaririn gida-gida: tsuntsaye goma sha biyu a kan igiyar shanya, kowanne da irin tsayuwarsa, na ƙarshe ya juya wa sauran baya. Layi ɗari da arba'in ne, ta saƙa tamanin da bakwai. Firinta, na'urar buga takarda, ta mutu tun tuni, don haka zanen ba ya ko'ina a duniya sai cikin cikin Dattijuwa. Goggo takan zauna da ulu a cinya, ta kalli fuskar kwamfuta, ta ƙirga, ta ɗaura.

Ranar Asabar Nas ta zo da mijinta. Shi mai gyaran waya ne, yana da shago a bakin titi, amma tun ranar da ya gyara fankar falo Direba ya naɗa shi Injiniya. Mutum ne mai kunya da son a yaba masa, wanda ba ya iya zama kusa da abin da ke ƙara ba tare da hannunsa ya yi ƙaiƙayi ba. Ulu ruwan ɗorawa ya ƙare, Goggo da Nas suka fita saye. Ba su fi awa ɗaya ba.

Da suka dawo, Injiniya na tsaye a tsakiyar falo da sukundireba a aljihun riga, yana murmushi har kunne. Direba na kujerarsa ya buɗe jarida ya rufe fuska, abin da ba ya yi sai in akwai magana.

"Mama, na yi miki ɗan aiki," in ji Injiniya. "Baba ya ce kullum sai ta tambaye ki kwanan wata. Batir ne kawai, ɗan mitsitsi kamar maɓallin riga. Na sa sabo, na saita mata ranar yau. Har na buɗe abin saƙar taki don in ga komai lafiya, sai ya rubuto wani abu, amma ina jin ba komai ba ne."

Goggo ta ajiye ledar ulu a hankali. Ta je ta duba. A tsakiyar fuskar Dattijuwa ga wani akwati ruwan toka yana sanar da ita cikin ladabi cewa lokacin gwaji ya ƙare, an gode. Maɓalli ɗaya ne a ƙasa, na fita.

Abin da ya ba kowa tsoro shi ne dariya ta yi. Ta zauna a kujera ta riƙe ciki tana dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Goggo, lafiya?" Nas ta tambaya.

"Lafiya lau. Shekara ashirin da biyar ina yi wa baiwar Allahn nan ƙarya, mijinki ya zo ya gaya mata gaskiya a minti goma."

Sai da ta yi musu bayani tun daga wasiƙar. Injiniya ya saurara, murmushin yana sauka daga fuskarsa kaɗan-kaɗan, har ya nemi hannun kujera ya zauna.

"To a mayar da kwanan watan mana," in ji shi da ƙaramar murya.

Aka mayar. Aka kashe, aka kunna, Dattijuwa ta yi tarinta biyu. Akwatin toka ya sake fitowa.

"Ta riga ta ji," in ji Goggo. "Ta rubuta ta ajiye a wani wuri."

"Tsuntsaye nawa kika saƙa?" Nas ta tambaya tana ɗaga bargon.

"Duka goma sha biyun. Daga ƙafa zuwa ƙirji."

Nas ta shimfiɗa shi a kan cikinta. Ga igiya, ga ƙafafu ashirin da huɗu, ga tumbi goma sha biyu masu launi-launi, babu kai ko ɗaya.

"Sai a ce wa yaron kaji ne an gyara," in ji Direba daga bayan jarida.

Nas ta tuntsire har ta kama bayanta tana cewa wayyo, kar su sa ta haihu a nan. Injiniya ya tashi zai kama ta, ta ture hannunsa. Ya ciro waya ya fara bincike. Babu wanda ya taɓa jin sunan manhajar. Ya ce zai ɗauki fayil ɗin ya buɗe a kwamfutar shagonsa, Goggo ta ce masa an gwada da wani zanen shekara biyar da suka wuce, abin da ya fito wasu alamomi ne kamar kaza ta bi ta kan madannan kwamfuta.

"Mama, don Allah ki yi haƙuri. Wallahi na ɗauka…"

"Injiniya, matsa min kujerar nan. Ka tsaya a bayana, hannuwanka a aljihu."

Dariyar ta ɗan lafa mata yanzu, don ta san ba za ta iya tuno kawunan nan da ka ba. Na bakwai yana hamma, na tara ya karkata wuya, bakin kowanne ta gyara shi ya fi sau goma. Ta sa tabarau. Ta tuna yadda take neman takarda a ofis in maigida ya ce ya ba ta alhali bai ba ta ba: ba ta bin suna, ranar da takarda ta shigo take bi. Kuma a nan ne abin ya faɗo mata, har ta buga tebur.

Duk abin da aka taɓa a cikin Dattijuwa tun shekara ashirin da biyar, ranar 9 ga Maris 1999 aka taɓa shi. Kowane fayil wannan ranar yake ɗauke da ita, ko wadda ta gabace ta. Abin da duk ya motsa a hannun Injiniya kuwa, ranar yau zai ɗauka.

Ta ce wa kwamfutar ta jero mata komai da komai, har waɗanda ake ɓoyewa, sabo a sama. Dattijuwa ta yi gurnani kusan minti uku. Nas ta jawo kujera. Direba ya sauke jarida zuwa hanci. Jerin ya fito, dubban layuka masu rana iri ɗaya kamar 'yan makaranta a layin safe, a can samansu kuma guda uku da ranar yau.

"Ga ɓarayin," in ji Goggo.

Na farko ta san shi, na kwamfutar ne ita kanta, kullum sai ya motsa. Na biyu ta buɗe. Jerin maki ne na wasan karta da ya zo da na'urar, mutum goma da suka fi kowa ci. Na ɗaya DIREBA. Na biyu DIREBA. Har na goma DIREBA, na saman kuma an ci shi yau, ƙarfe goma sha ɗaya da kwata.

Kowa ya juya ya kalli Direba. Wannan mutum ne da ya shekara ashirin da biyar yana cewa shi ko linzamin kwamfutar nan bai san yadda ake riƙewa ba.

"Direba."

"Na'am, Sakatariya."

"Yaushe?"

"In kin shiga kicin." Ya naɗe jarida. "Ai ba na taɓa tsuntsayenki. Kuma ki duba makin nan da kyau, ba wasa ba ne."

"Baba!" Nas ta ce, hawayen dariya na zubo mata. "Shi ya sa kake cewa a ƙara dafa wake ya yi laushi!"

Har Injiniya sai da dariya ta ƙwace masa, ya yi sauri ya rufe baki.

Na ukun ɗan ƙaramin fayil ne mai suna kamar lambar mota, an cusa shi cikin wata folda da ba ruwanta da saƙa. Goggo ta gane a nan ne manhajar ta rubuta gaskiyar da ta ji ta ɓoye.

"A goge shi," in ji Injiniya, ya kuma tuna matsayinsa. "Wato… in kin ga dama, Mama."

"A ofis ba a yaga takarda. Ana canza mata drowa."

Ta buɗe drowar teburin ta ɗauko faifai baƙi mai kusurwa huɗu, ta hure ƙurar, ta tura shi. Ta kwashe ɗan fayil ɗin ta mayar can, ta zare faifan ta miƙa wa Injiniya ya riƙe da hannu biyu. Ta tabbatar kwanan wata na kan 9 ga Maris. Ta ɗora yatsa a kan linzami, ta ce bismillah, ta danna manhajar.

Dattijuwa ta yi tari. Fuskar ta yi fari. Nas ta kama hannun mijinta ta matse har ya ce wash.

Akwati ya fito, amma shuɗi. Yana yi wa sabon mai amfani maraba, yana sanar da shi cewa yana da kwana talatin.

"Talatin!" Goggo ta miƙe tsaye. "Direba, ka ji? Talatin! Da tara nake lallaɓawa!"

Ta buɗe zanen. Ga su nan su goma sha biyu da kawunansu, na bakwai na hamma, na ƙarshe ya juya baya. Goggo ta yi wata 'yar rawa a tsakanin tebur da kujera, kafaɗa kawai da ƙafa ɗaya, wadda Nas ta rantse ba ta taɓa gani ba tun da aka haife ta. Direba ya ce in an ba tara shekara ashirin da biyar, talatin sai jikan jikansu. Injiniya dai yana tsaye da faifai a hannu biyu, yana tambaya ko ya ajiye.

"Ajiye. Kuma zo da wayar nan taka ka yi abin da ka iya."

Ta sa shi ya ɗauki hoton zanen, layi ashirin-ashirin, tana duba kowanne kafin ta matsa gaba. Ya ce gobe zai buga mata su a takarda mai launi, har kwafi biyu. Ya tambaya a hankali ko ya cire batirin.

"Bar shi. Ka sa da kyakkyawar niyya. Ni dai na san abin da zan gaya mata kowace safiya."

Da la'asar baƙin suka tafi, Nas tana ta waiwayen babanta tana dariya har bakin ƙofa. Direba ya yi ta kewaya teburin yana gyaran murya, Goggo ta ce masa in ta gama layi biyar zai iya zama ya yi kartarsa, a gabanta wannan karon. Ta warware sabon ulu ruwan ɗorawa, ta naɗa shi a yatsa, ta matso da kujera kusa da fuskar Dattijuwa. Ta ƙirga gida huɗu fari, uku ruwan ɗorawa, ta fara layi na tamanin da takwas.