Barau da Itatuwansa Masu Suna

Barau mai itace maƙwabcina ne a Ɗanzomo. Ya fi shekara ashirin yana kai itacen girki da na rufi kasuwar Maigatari. Da daji ya yi nisa, har sai ya yi rabin yini kafin ya cika amalanke, sai ya soma dasa darbejiya a gonarsa ta bayan gari. Awaki suka hana shi sakat.

Sai ya yi dabara. Duk gidan da aka yi suna, sai ya dasa ɗaya ya sa mata sunan jaririn. Uwar ɗa da kanta za ta kewaye ta da ƙaya, ta kai mata ruwa. Wa zai bari akuyarsa ta ci ɗan maƙwabci? Gona ta yi duhu, Allah ya saka masa.

To, bara ruwa ya yi jinkiri, da ya tashi zuwa ya zo da iska, rufin ɗakin matarsa Hannatu ya rufta. Ga hadari kullum yana haɗuwa. Barau ya saɓa gatari ya nufi gona, ya tsaya gindin wata miƙaƙƙiya. Bai ɗaga hannu ba sai ga Mero, matar mahaucin unguwa, ko mayafi ba ta gyara ba.

"Baba Barau, Safiyata za ka sare? Wata biyu ya rage bikinta!"

"Haba Mero, itace ne fa."

"Da kake sa ni jan ruwa a rijiya ba ka ce itace ba ne!"

Ya matsa gaba, aka ce wannan Habibullah ne, yana jarrabawa. Na kusa da shi Ubale, bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Hannatu ta aiko a gaya masa in bai samo itace ba, ya zo ya tsaya da kansa ya riƙe rufin.

Can ƙarshen gona akwai wata karkatacciya da ya sa wa sunansa shi Barau. Ita ba ta da uwa, awaki sun sha cin ta. Ya yi bisimilla ya sare ta daidai gwiwa don ta sake toho. Matan da suka taru na tsaye suna aika wa Hannatu gaisuwar ta'aziyya, wai an sare Barau.

An rufe ɗaki kafin ruwa. Sai dai rufin ya bi karkatar itacen, duk ruwan da aka yi a ƙofar ɗakin Barau yake zuba.