Tambarin Kifin Ka Loloy

Ranar Laraba, 12 ga Maris, ina tsugune ina goge ƙahon ɓauna aka zo aka ce ka cika, Eulogio Dimaculangan, maƙerin da duk garinmu Taal ke kira da sunan girmamawa Ka Loloy. Shekara arba'in da ɗaya kana ƙera ruwan balisong, wuƙar nan tamu mai naɗewa, ni ina yi masa ƙota biyun da yake kwanciya a tsakaninsu. Shekarun nan kusan duk da faɗa muka cinye su, ga shi yau na rasa da wa zan yi.

Na tuna yadda kake tsintar tsohon boris a garejin motoci, ka ƙwanƙwasa shi a kunne kamar mai zaɓen kankana. Wuƙarka kuwa ba ta barin maƙera sai ka ɗora kwandalar peso a kan kututture ka soke ta. In tsinin ya huda, ya fito lafiya, sai ka buga mata tambarinka, ɗan kifin nan na tafkinmu. In ya lanƙwashe, ta koma wuta, ko da mai ita na tsaye da jakar tafiya.

Ka taɓa mayar mini da ƙota sau uku. Na ce, "Loloy, wuƙa ce ko amarya?" Ka ce, "Tanoy, mai ita masunci ne, da hannu ɗaya zai buɗe ta a cikin kwalekwale. In ta cije, kai za ka je ka yanke masa igiyar?" Na gyara ina ƙunƙuni. Tun ran nan ƙotata ba ta ƙara cijewa ba.

To ka ji abin da ya biyo bayanka. Ba a gama addu'ar kwana tara ba wani dillali daga Manila ya zo neman tambarin, wai zai riƙa buga shi a kan wuƙaƙen inji don kada sunanka ya ɓace. Kafin in buɗe baki 'yarka Perlita, wadda ta baro aikinta a Hong Kong don jinyarka, ta ce, "Malam, sha gahawarka ka kama hanya." Da ya fita ta juyo gare ni. "Baba Tanoy, gobe ka zo da kwandala."

Ta hura wutarka, Loloy. Wuƙa biyu ta ƙera, duka biyun tsininsu ya lanƙwashe. Ta yi kuka, ni ma na ɓuya na yi. Tambarin yana aljihuna, kuma na rantse ba zai taɓa wani ƙarfe ba sai wanda ya huda peso, ko da zan mutu da shi.

Allah ya ji ƙanka, ya yafe maka kurakuranka, har da taurin kan nan. Ya ba matarka Ka Sioning da 'ya'yanka da jikoki haƙurin wannan rashi. Ya ƙara wa hannun Perlita ƙarfi, domin ƙotar wuƙa ta uku na riga na gama ta, tana jiran ruwanta.