Rumfa Mai Yoyo

A Matameye, in kana son ka zagi mai yin rumfa, ba sai ka taɓa iyayensa ba. Ka ce masa aikinsa na yoyo, ka wuce abinka. Ni kuwa na fi shekara goma ina kafa dirka ina ɗaura tanka, daga rumfunan kasuwa har na ƙofar gidajen alhazai, ba wanda ya taɓa gaya mini wannan magana. Da rani in tafi Kano neman kuɗi, da damina in yi noma, tsakanin nan kuwa duk mai son inuwa ya san ƙofar gidana. Ina da girman kai a kan aikin nan, ba zan ɓoye ba.

A lokacin akwai wata Baturiya a garinmu, ma'aikaciyar wani furoje, wato shirin inganta irin shuka, muna ce mata Madam kawai. Ta iya Hausa, sai dai takan kira namiji "ke" in ta yi sauri, mu kuma muna amsawa don mu ji daɗin dariya daga baya. Mun daɗe tare kafin mu san Bayahudiya ce. Ni dai kalmar nan a bakin malamai na san ta wajen tafsiri, sai kuma a bakin masu faɗa a tasha. Ban taɓa zaton mai ita za ta zo da kanta ta tsuguna a gonata tana duba zangarniyar gero ba.

Wata shekara, ana gab da yankan gero, ta aiko a kira ni. Ta ce suna da idi na kwana bakwai, kuma ƴan'uwanta Yahudawa da ke aiki a warwatse, wani a Damagaram, wasu a Maraɗi, wata a can wajen Gure, duk a gidanta za su taru bana da ƴaƴansu. Cikin rumfa ake cin abinci, cikinta ake karatu, cikinta ake koya wa yara labarin kakanninsu da suka baro Masar tare da Annabi Musa suka zauna a bukkoki cikin daji. Na ce ai labarin nan mun san shi, Fir'auna ba baƙonmu ba ne. Sai ta gaya mini abin da ya fi damunta. Mahaifinta zai zo daga Faransa, tsoho ne mai ciwon zuciya, likitoci ma ba su so ya hau jirgi ba. A can yana zaune ne a saman bene inda babu filin kafa ko dirka ɗaya, kuma tun rasuwar matarsa bai sake zama cikin rumfar iyalinsa ba. Ta ce, "Ban sani ba ko zai ga wata rumfar bayan wannan. Ina so ta yi daidai."

Na bugi ƙirji. Na ce ta kwantar da hankalinta, zan yi mata rumfar da ko ruwan Agusta ba zai ratsa ba.

Ta ce, "A'a, ita ce ba na so."

Ta yi mini bayani dalla-dalla. Bango na zana, babu laifi. Amma rufin sai abin da ya tsiro daga ƙasa aka yanke, kara ko ganye, kuma a jera shi sako-sako. Inuwa ta fi rana yawa, amma in mutum ya ɗaga kai ya ga sama, in dare ya yi ya ga taurari. Ban da kwano, ban da tampol. Na ce, to in aka yi ruwa fa? Ta ce sai ya zubo. Na dube ta na ga ba wasa take ba. Na karɓi aikin dai, don ba a mayar wa mutum da buƙatar mahaifinsa.

Kwana biyu na gama. Dirkokin nan tsaye kamar sojoji, zana sabuwa, ɗauri mai kyau. Rufin kuwa, Allah ya sani, hannuna bai so ba. Duk inda na bar tazara sai in ji yatsuna suna son su jawo kara su toshe. Madam ta zo ta kwanta rigingine a tabarma ta dubi sama, ta ce a cire kara uku a nan, biyu a can. Na cire ina cizon leɓe.

Matsalar ita ce katangar gidan gajeruwa ce, kuma taubashina mai shayi a daidai bakin hanyar yake kafa tebur. Ɗan kawuna ne, tsakaninmu babu kunya babu ragi, kuma Allah ya hore masa baki. Ya leƙa sau ɗaya, ya dawo ya zauna, ya jira sai da teburinsa ya cika da mutane. Sannan ya ɗaga matacin shayinsa sama ya leƙa ta cikinsa, ya ce, "Jama'a, ku zo ku ga sabon aikin gwani. Da na sani da na ba shi kwangilar mataci." Kafin la'asar maganar ta kai kasuwa. Wani Alhaji da muka yi magana zan yi masa rumfar ƙofar gida ya tare ni a masallaci, ya ce, "Malam, an ce idonka ya fara rauni, gaskiya ne?" Na koma gida ko tuwo ban iya ci ba.

Washegari Madam ta tafi Damagaram ɗauko mahaifinta, ta bar mini makulli in ƙarasa shara. A nan Shaiɗan ya zo mini da shawara, kuma sai na ga shawarar tana da kyau. Matata tana da wata farar leda babba, mai garai-garai, irin wadda ake ganin abu ta cikinta, da ita take rufe gyaɗarta in ta shanya hadari ya taso. Na ce a raina, me mutanen nan suke so? Su ga sama. Me nake so? Kada aikina ya yi yoyo. To ga abin da zai raba gardama. Na naɗe ledar na sa a hammata, na fita tamkar mai zuwa gona. Na shimfiɗa ta a saman rufin, na ja ta sosai, na danne gefunanta da kara yadda ko daga kan katanga ba a ganewa. Na sauko na kwanta a tabarmar nan na dubi sama. Ga shuɗin sama tas. Na yi wa kaina kirari a zuci, har ina tausayin Yahudawa da suka yi shekaru dubbai ba su samu mai dabara irina ba.

Da yamma motoci suka iso. Tsohon ɗan siriri ne, da ƴar hula ƙarama a tsakar kai, yana tafe yana hutawa. Da ya shiga rumfar sai ya tsaya ya dafa dirka, ya ɗaga kai, ya dubi sama ta tsakanin karare. Daga nan ya kama hannuna da hannu biyu ya yi mini godiya da Faransanci, ni kuma na amsa da ɗan abin da ya rage mini na lakwal, makarantar bokonmu. Yara suka rataye lemo da zangarniyar dawa da takardu masu zane. Da rana ta faɗi idinsu ya shiga, suka yi addu'o'insu suka ci abinci a ciki. Ni na tafi sallar magariba zuciyata fes.

Kashegari da rana aka gayyace ni, don a al'adarsu rumfar ba ta cika sai da baƙo. Na ce a gayyaci taubashina ma, ina da dalili. Aka zauna a tabarmi, aka kawo shinkafa da kifi da dabino. Tsoho ya tara yaran a gabansa yana yi musu tambayoyi, wanda ya amsa a ba shi dabino, wanda ya kasa ma a ba shi. Madam tana fassara mana. Ya tambayi wata ƙaramar yarinya, don me muke barin gida mai ƙarfi mu zauna a nan? Ta ce don mu tuna ba rufi ne ke tsare mu ba. Na gyaɗa kai kamar na fahimta, alhali idona na kan hadarin da ke haɗuwa ta gabas. Ina roƙon Allah ya sauko da shi, kuma ya amsa mini.

Ruwan ƙarshen damina ne, mai zuwa da gaggawa. Da aka ji ɗigon farko mata suka zabura suka kama kwanoni, Madam ta riƙo hannun mahaifinta za ta shigar da shi ɗaki. Sai suka tsaya. A waje ruwa kamar da bakin ƙwarya, cikin rumfa kuwa ko ɗigo. Kowa ya ɗaga kai. Ga ledar nan ta yi ciki tsakanin karare, ruwa na taruwa a kanta yana ƙyalli.

Na juya wajen taubashina, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "To, mai mataci, ina yoyon?"

Ba wanda ya yi dariya. Madam ta dube ni, fuskarta ta yi ja, ta ce, "Ke ce kika sa wannan?" Wannan karon ban ga abin dariya a "ke" ɗin ba. Ta ce rumfar da aka rufe da leda ba rumfar idi ba ce, ɗaki ne kawai. Addu'ar da mahaifinta ya yi jiya, wadda ya ƙetare teku don ita, a ƙarƙashin leda ya yi ta. Na ce to bari in hau in cire yanzu. Ta ce yau ranar hutu ce a wajensu, ba su aiki, kuma ba su da ikon su sa wani ya yi musu. Ta faɗi haka tana kallon ƙasa. Garin neman gira na rasa ido. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har na fi son a ce mini aikina na yoyo sau dubu.

Tsohon ne ya sa baki. Bai dube ni ba, sama yake kallo. Ya ce, a hankali yadda Faransancina zai iya ɗauka, "Leda ce mai kyau. Irin wannan ba a yar da ita. Mai ita yana can yana nema, da ruwan nan."

Mu Hausawa ba a koya mana habaici. Bai ce in cire ba, bai ce in bari ba. In mai kaya ya zo ya ɗauki kayansa don buƙatar kansa, ai ba su suka sa shi ba. Kuma tsohon bai san iyakar gaskiyar da ya faɗa ba, don bai rufe baki ba sai ga sallama a ƙofar gida, irin sallamar da na sani tun kafin ta ƙare. Matata ce, ta yafa buhu a ka, zaninta sharkaf. Ta gaida mutane da ladabi, sannan ta juyo kaina.

"Malam, ina ledata? Gyaɗata tana can tana wanka, maƙwabta sun ce sun gan ka da ita a hammata."

Na ce, "Yanzu zan ɗauko miki kayanki." Na faɗa da Hausa, na sake faɗa da Faransanci don a shaida.

Na jingina tsani na hau cikin ruwan nan. A lokacin duk masu fakewa a rumfar mai shayi sun jeru a bakin katanga, har da Alhajin nan da lemarsa. A gabansu na kwance aikina da hannuna. Na ja gefen ledar, na manta da ruwan da ya taru a kanta. Rabi ya kwararo mini a wuyan riga, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Sauran rabin ya bi ta tsakanin karare ya sauka cikin rumfa, a kan shinkafa, a kan yara, a kan ƴar hular tsoho. Na leƙa ta rami, na ce shi ke nan na ƙarasa mai ciwon zuciya.

Dariya yake yi. Yana dariya yana tari, ruwa na bin gemunsa, yara suna ihu suna tsalle. Madam ta so ta ja shi ɗaki, don dokarsu ma ta yarda a shiga in ruwa ya yi yawa. Ya ce a jira. Ba a daɗe ba ruwan ya tsagaita, ya koma yayyafi. Ya gyara zama a jiƙaƙƙiyar tabarma, ya gutsuri burodi, ya sake yin addu'ar jiya daga farko, ɗigo na sauka a kafaɗarsa ɗaya bayan ɗaya. Madam ta juya baya tana share ido. Ni ina kan tsani riƙe da leda, ban san lokacin da na ce amin ba.

Taubashina kuwa ya samu abin da zai ci shekara da shi. Tun daga ranar ya raɗa mini suna Mai Yoyo, sunan ya bi ni har tashar Kano. Alhaji ya ba wani aikin rumfarsa. Matata ta yi sati tana ba ni gyaɗar da ta fara tsiro a matsayin abin taɓawa, ni kuma ina cinyewa.

Da kaka ta zagayo Madam ta sake aikowa. Tsoho ya rasu da bazara. Na kafa dirka, na ɗaura tanka, na jera kara sako-sako ba tare da an gaya mini ba. Ta zo ta kwanta a tabarma ta dubi sama kamar bara, ta nuna wani wuri ta kusurwar gabas, daidai inda tsohon ya zauna ruwa na ɗigo masa. Ta ce, "Nan tazarar ta ɗan yi faɗi."

Na ce, "Na sani, Madam. Ta Baba ce."

Ba ta ce a toshe ba.