Baba Abarshi da Jiragen da Ya Nutsar

Da an idar da sallar asuba, Baba Abarshi ba ya tsayawa hira a ƙofar masallaci. Tsintsiya a hammata, adda a hannu, sai ya gangara Ruwan Marke, tafkin da ke kwance tsakanin ƙauyensu da bakin dajin Kamuku. Zai share gindin itatuwan da baƙi ke shimfiɗa tabarma, ya sare ciyawar da ta ci hanyar hawa dutse, ya zaga bukkokin masauki ya duba ko iska ta yaye rufin wata. Haka yake yi yau, haka kuma ya yi a shekarun da ko baƙo ɗaya bai leƙo wurin ba.

Wanda ya san Ruwan Marke a da ya san daɗinsa. Ranar Asabar motoci kan zo daga Kaduna da Zariya, a cika bukkoki. Masu ƙarfin gwiwa su hau dutse su hango daji har inda ido ya gaji, masu haƙuri su jefa ƙugiya, malalata kuma su miƙe ƙafa suna jiran Andrawus, kukun masaukin, ya gasa musu karfasa. Talatu, matar Abarshi, tana gefe da tandar masarta. Amma abin da ke kawo mutane shi ne jiragen Abarshi guda uku, sassaƙen maɗaci, da yake zagayawa da baƙi zuwa tsibirin da balbelu ke sheƙa. In an kusa, sai ya ɗaga filafili daga ruwa ya ce wa yara, "Ku yi shiru, gidan mutane muka zo."

Sai 'yan bindiga suka cika dajin. Hanya ta lalace, baƙi suka ɗauke ƙafa, ma'aikatan masauki suka watse, ya rage daga Abarshi sai Andrawus. Wata safiya Abarshi ya hango babura a ɗaya gaɓar, da wasu mutane zaune suna kallon jiragensa, kallon da ba na yawon buɗe ido ba. Nan take ya gane. Ruwan nan ne katangar ƙauyen. Mai son shigowa ta ƙasa sai ya yi doguwar zagaye ta inda 'yan sa-kai ke tsaro, amma da jirgi, kafin a gama shan koko ya iso bayan gidaje.

Da mai gaggawa ne, da ya cinna wa jiragen wuta ya huta. Andrawus ma abin da ya ce ke nan. Abarshi ya girgiza kai.

"In na ƙone su, ranar da baƙi suka dawo in ɗauke su da me?"

"Waɗanne baƙi kuma, Abarshi? Ko tsuntsu tsoron hanyar nan yake ji."

"Za su dawo. Kai dai ɗebo min duwatsu."

A wurin mahaifinsa ya koyi cewa rana ce ke tsaga jirgin itace, gara ta ƙarasa shi, amma in yana ƙarƙashin ruwa ba abin da ke taɓa shi. Ranar da aka wuni ana tafka ruwan sama, kowa na ɗaki, su biyu suka cika jiragen da duwatsu suka nutsar da su a zurfin da ke gaban dutse. Suka yi alkawari ba mai faɗa.

Kashegari gari ya ga babu jirage. Ja'afaru mai shayi, wanda bakinsa ya fi butarsa zafi, shi ya fara. "Jirgi dai ba fiffike gare shi ba," in ji shi. "Wani ne ya miƙa wa mutanen daji." Kafin mako ya zagayo an liƙa wa Abarshi sunan infoma. Duk wanda ya zauna a ƙasar Birnin Gwari ya san nauyin wannan kalma. Ta raba mutane da gidajensu, ta raba wasu da rayukansu. A masallaci aka fara barin tazara tsakaninsa da na kusa da shi. Masar Talatu ta riƙa hucewa a faranti. 'Yan sa-kai suka kira shi gaban mai unguwa, ya ce, "Ban sayar ba, ban bayar ba." Aka ce to suna ina, ya ƙi faɗa. Andrawus ne ya miƙe ya ce in za a ɗaure Abarshi a haɗa da shi, domin tare suka tsufa a bakin ruwan nan. Furfurarsu ce ta cece su ranar, ba don an yarda da su ba.

Talatu ba a gaya mata ba, amma ita ke wanke rigunansa, kullum jiƙe har wuya da taɓo, don haka ta gane. Ranar da abin ya ishe ta, ta ajiye masa tuwo ta zauna.

"Malam, ka faɗa musu mana. Ni na gaji da sunkuyar da kai a bakin rijiya."

"In na faɗa wa mutum biyu da hantsi, kafin la'asar daji ya ji. Daga nan su zo su sa min bindiga in fito da su."

"To sunanka fa?"

"Sunana zai jira, Talatu."

Ta yi kuka, shi ma abin ya ci masa rai, don Abarshi mutum ne mai son a gaishe shi. Amma bai buɗe baki ba. Aikin kuma bai ƙare da nutsarwa ba. Duk rani ruwa na janyewa, dole a matsar da jiragen gaba kafin bakinsu ya leƙo. Tsoho da shi yakan shiga ruwa kamar mai duba ƙugiya, ya nutsa ya rage duwatsu, ya ja, ya mayar. Masu wucewa su ce ga infoma can yana kamun kifin da ba ya kamuwa. A ruwan nan ya bar lafiyar gwiwoyinsa.

Baba Abarshi, kai ne ka yarda a ɓata maka suna don kada a tsallako wa waɗanda suka ɓata shi. Kai ne ka share inuwa shekara da shekaru ba mai zama, ka gyara hanyar dutse ba mai hawa. Mutane sun ce taurin kai ne, kuma gaskiyarsu, taurin kai ne, irin wanda muke roƙon Allah ya yawaita mana. Na Talatu, mai filafili, sannu da haƙuri.

Bara abubuwa suka ɗan lafa. Jami'an tsaro suka kafa sansani a ɗaya gaɓar, manoma suka koma gonakin da suka bari. Wata Asabar sai ga bas ta tsaya a gindin marke, malaman makaranta ne daga Zariya da iyalansu. Ja'afaru ya ji ƙamshin ciniki, ya sauko da teburinsa. Cikin baƙin akwai Malama Grace, wadda ta ce tana yarinya aka taɓa kai ta tsibirin balbelu, tana so 'ya'yanta su gani.

"Madam, jirgi kam sai dai ki tambayi mutanen daji," in ji Ja'afaru, yana kallon Abarshi ta wutsiyar ido.

Abarshi ya jingine tsintsiyarsa. Ya dubi ɗaya gaɓar, ya dubi Malama Grace, sannan ya ce, "Ja'afaru, ajiye butar nan ka zo ka kama min igiya."

Ya shiga ruwa a gaban kowa. Ya nutsa ya fito, ya nutsa ya fito, yana zubar da duwatsu, sannan ya miƙo igiya. Andrawus ya kama, malamai suka kama, Ja'afaru ya kama don kunya. Da aka ja, sai ga bakin jirgi ya ɓullo, baƙi ƙirin, taɓo na zuba, ko tsaga babu. Aka jawo na biyu, aka jawo na uku. Labari ya kai cikin gari, mutane suka gangaro har da mai unguwa. Talatu ta rangaɗa guɗar da ta daɗe tana riƙe da ita.

Ja'afaru ya durƙusa a cikin taɓo, hularsa a hannu. "Baba, ka yafe mini."

Abarshi ya miƙa masa ƙwarya. "Na yafe. Kwashe ruwan cikin jirgin nan, baƙi na jira."

Bana gwiwoyin sun ƙi, ya miƙa filafili ga Micah, ƙanin Andrawus. Mun gode, Baba Abarshi, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya. Mu kuma da muka rage, kowa akwai abin da aka bar masa amana a wannan ƙasa tamu da ta sha wuya. Ya riƙe shi har masu shi su dawo, ko da za a zage shi a kai. In hanya ta kai ku Ruwan Marke, ku hau dutse, ku ci kifin Andrawus, ku shiga jirgi. Amma kafin nan ku nemi tsohon da ke shara a gindin marke, ku ba shi hannu biyu, ku gaishe shi da sunansa.