Yadda Muka Kai 'Ya'yan Tarwaɗa Tarai

Har gobe ban manta da ranar Alhamis ɗin da na ɗauko 'ya'yan tarwaɗa daga Rurum Sabon Gari na kai su Tarai ba. Na daɗe ina tuƙa motar ofis. Na ɗauki manya, na ɗauki taki, sau biyu ma na ɗauki gawa, amma ban taɓa samun fasinjan da ya hana ni sakat kwana uku ba irin kifin nan da bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Tunda ku sababbin direbobi kun matsa sai na ba ku labari kafin in miƙa makulli, to ga shi.

A lokacin ina direba mai mataki na huɗu a ofishin shiyya da ke Rano, wanda ke kula da manoman Rano da Kibiya. Ga wanda bai san tsarinmu ba, direba ba ya fita da mota sai da takardar izini. Jami'in mulki ne ke sa mata hannu, a rubuta inda za a je, da lokacin fita, da na dawowa. Shi direba ba a shawara da shi. A ce maka “Kibiya,” ka ta da mota.

A Tarai akwai wata ƙungiyar manoma, shugabansu wani dattijo Malam Garba. Da hannunsu suka haƙa tafkuna biyu a bayan gari don kiwon kifi. Daminar da ta gabata an ɗauko musu iri da tsakar rana a motar haya, kafin a isa duk sun juya ciki sama. Tafkunan suka shekara ba komai a ciki sai kwaɗi, har mutanen gari suka laƙaba musu suna “masu kiwon kwaɗi.” Mutum huɗu suka fita daga ƙungiyar don kunya. Malam Garba ya aiko wa ofis cewa idan aka maimaita, shi da kansa zai cike ramukan ya shuka masara.

Ranar Litinin ina wanke mota, sai Malam Nasiru, jami'inmu na kiwon kifi, ya leƙo ya ce Hajiya na kirana ɗakin taro. Hajiya Rabi ce shugabar shiyya, ba ta fi wata biyu da zuwa ba. Direba kuwa ba ya shiga ɗakin nan sai in ya yi laifi. Na shiga da sallama na tsuguna a bakin ƙofa.

Ta ce, “Malam Habu, ga kujera.”

Na ce, “Nan ma ya isa, ranki ya daɗe.”

“Kujera na ce. Ranar Alhamis za mu kai irin kifi Tarai. Malam Nasiru ya san kifi, amma bai san hanya ba. An ce mini kai ka san ta. Yaya za mu yi su isa da rai?”

Kafin in buɗe baki, Alhaji Tukur, jami'in mulki, ya ce ai an gama tsari. A ɗauko kifi ƙarfe tara, a kawo su ofis ƙarfe goma, a yi jawabi, a ɗauki hoto, sannan a wuce. Malam Nasiru ya ce cikin ladabi, kifin ba sa jure zafi, ba sa kuma jure girgiza, in ruwansu ya ɗumama iskar da ke ciki ƙarewa take. Alhaji ya ce, “Rano zuwa Kibiya ne fa, ba Legas ba.”

Nan na yi ƙarfin hali. Na ce, “Ranka ya daɗe, ƙarfe goma bayan motar nan ba ya dafuwa da hannu. Kuma kwalta ba ita ce damuwata ba. Daga Kibiya in an saki kwalta aka nufi tafkunan, ban bi hanyar ba tun da ruwa ya sauka. A ba ni gobe in je in gani da idona.”

Hajiya ta ce, “An ba ka. Jibi da safe ka kawo mini tsarin.”

Wallahi da na fito, ji na yi kamar an ƙara mini mataki biyu. Na koma na ci gaba da wankin mota, sai na lura gefe ɗaya nake ta wankewa.

Talata da sassafe na hau babur ɗina, da biro da wani tsohon littafin makarantar 'yata a aljihu. Na fara daga gidan ƙyanƙyasar kifin da ke Rurum Sabon Gari. Duk inda na ga rami ko tudun rage gudu, sai in tsaya in rubuta, har da gefen da ya fi dama a bi. Hanyar da na bi sau ba adadi, ranar na fara ganin ta. Na ratsa Rano, na kama hanyar Kibiya, na ƙetare gari na saki kwalta. Can gaba sai ga abin da nake tsoro: wani kwari mai laka, ruwa na bi ta cikinsa. Babur ya wuce da kyar. Na san in aka yi ruwa mai ƙarfi, mota ba za ta wuce ba.

Ina tsaye ina kallon wurin, sai ga wani Bafillatani ya gangaro da shanunsa. Muka gaisa, ya ce sunansa Jauro Bello. Na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya yi dariya har sandarsa ta zame daga kafaɗa.

“Kifi a mota? To, Allah Ya kyauta. Amma in an yi ruwa mu ma ba ma bi ta nan. Akwai burtali ta tudu, ƙasarsa tsakuwa ce.”

Ya bar shanun da ƙanensa ya hau bayana ya nuna mini. Burtalin ya fi tsawo, amma busasshe ne. Wuri ɗaya ne ya matse, inda dole taya ta taka gefen wata gonar gyaɗa. Na nemi mai gonar, na same shi yana noma, na roƙe shi. Ya ce, “In dai kifin su Garba ne, ka taka. Na gaji da jin ana yi musu dariya a masallaci.”

Daga nan na ƙarasa wurin Malam Garba. Ya nuna mini tafkunan, sun share su tas, sun kewaye da ƙaya. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, bara ma haka aka zo aka duba.” Na ce masa in sha Allah.

Laraba na kai wa Hajiya tsarin. Fita ƙarfe biyar da rabi, lodi kafin shida da rabi, ba tsayawa a ofis, gudu kada ya wuce na mai keke, in an yi ruwa a bi burtali. Malam Nasiru ya ƙara nasa: a hana kifin abinci tun daga ranar don kada su ɓata ruwansu, a zuba su cikin jarkoki shida da aka yanke wa sama, ruwa rabi-rabi, a ɗiga ɗan manja don hana kumfa, a kuma ɗebo jarka biyu ta ruwan da suka saba da shi saboda ko-ta-kwana. Hajiya ta karanta ta miƙa wa Alhaji Tukur. Ya juya takardar gaba da baya.

“Biyar da rabi? Tunda nake aikin nan ban taɓa rubuta wannan lokacin a takardar izini ba. Jawabin fa?”

Hajiya ta ce, “Ka kai kujerunka bakin tafki, Alhaji. In kifi sun isa da rai, ka yi jawabi har la'asar.”

Ya yi dariya ya sa hannu.

Yinin ranar a kan motar na ƙare shi. Na duba birki da ruwa da baƙin mai, na rage wa tayoyi iska kaɗan don su yi laushi. Na shimfiɗa tsofaffin tayoyi da ciyawa a baya inda jarkoki za su zauna, na kafa rumfa da tabarmi biyu. Da na je gida cin abinci na ce wa maiɗakina ina neman abin da zan rufe bakin jarka wanda iska za ta shiga, kifi ba zai fito ba. Ta ɗauko tsohon gidan sauronmu ta yanka shi gida shida, ta ce, “In sun girma a tuna da ni.”

Alhamis muna fitowa daga sallar asuba, ƙasa a jiƙe sharkaf. An kwana ana ruwa. Malam Nasiru ya dube ni, na dube shi. Na ce, “Sanyin ya yi mana, lakar kuma mun san maganinta.”

A Rurum aka yi lodi cikin natsuwa. Na leƙa jarka ɗaya, baƙaƙe ƙanana sai wutsil-wutsil suke, kowanne da ɗan gashin bakinsa. Na ɗaure jarkokin da igiya, Malam Nasiru ya ƙi shiga gaba, ya ce shi a baya zai zauna tare da su. Na yi bisimilla na ta da mota.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Littafin na kan cinyata, kafin in iso kowane rami na riga na sauka gefensa. Duk tudun da zan hau sai in ji kamar ruwan a cikina yake. A Rano muka tarar da Hajiya tsaye bakin titi da jakarta, ta ce ba za a ba ta labari ba. Ta shiga gaba. A hanyar Kibiya masu babur sai wuce mu suke suna waiwaye. Wani mai kurkura ya rage gudu ya ɗaga murya, “Direba, ƙwai ka ɗauko?” Na ce, “Ya fi ƙwai!” Hajiya ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Muna sakin kwalta na hango abin da ya sa na gode wa Allah da zuwan Talata. Wata tifar yashi ta kafe a tsakiyar kwarin har gindi, mutane sun taru ana ta ihu. Hajiya ta ce, “Innalillahi! Yanzu yaya?” Na ce, “Ranki ya daɗe, ai ba ta nan za mu ba.” Na karya kan mota hagu na hau burtali.

Mun yi nisa kaɗan sai na ji ana dukan rufin mota. Na tsaya na fito da gudu. Malam Nasiru ya ce, “Malam Habu, duba!” A jarkoki biyu na ƙarshe, waɗanda suka fi shan girgiza, kifin sun taso sama sun tsaya a miƙe, baki a buɗe, ruwan ya yi kumfa. Nan na tuna fuskar Malam Garba.

Malam Nasiru bai rikice ba. Ya ce in riƙe gidan sauron a bakin jarka, ya karkata ta a hankali ya zubar da rabin ruwan. Hajiya ta sauko, ta naɗe hannun rigarta, ta ɗauki kwano tana ɗebo sabon ruwa tana zubawa kaɗan-kaɗan yadda ya nuna mata. Shugabar shiyya guda, tsaye cikin kashin shanu, takalminta ya jiƙe. Muka yi wa ta biyu haka. Muka tsaya muna kallo. Can sai ɗaya ya kaɗa wutsiya ya nutse, wani ya bi shi, sai ga su duk sun koma ƙasa. Malam Nasiru ya ce, “Allahu Akbar! Mu tafi.”

Mai gonar gyaɗa na tsaye a wurin da muka yi da shi, yana nuna mini da hannu inda zan sa taya. Ƙarfe takwas saura muka iso bakin tafki.

Ban san wa ya baza labari ba, amma rabin gari na wurin, har da waɗanda suka zo don su ga an sake mutuwa. Malam Garba bai matso ba, ya tsaya nesa da hannu a baya. Mutane suka ce a juye, a juye. Malam Nasiru ya ce a'a, sai an saka jarkokin cikin tafkin sun ɗan jima, ana haɗa ruwan a hankali, don kada bambancin sanyi ya kashe su a ƙofar gida. Wannan jiran ya fi mini duk tafiyar tsawo.

Da lokaci ya yi, Hajiya ta ce a kira Malam Garba ya karkata ta farko da hannunsa. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga ruwan. Ya kwance gidan sauron ya karkata jarkar, sai ga su sun fito kamar an watsa baƙin zare, kowanne ya kama gabansa. Wurin ya kaure da kabbara, mata daga bayan danga suka rangaɗa guɗa. A jarkoki shida, guda tara kawai muka tsince matattu. Malam Garba ya fito daga ruwa ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce, “Ɗana!” Alhaji Tukur ya iso ƙarfe sha ɗaya da kujerunsa, ya yi jawabi mai daɗi, har ya ambaci sunana.

A hanyar dawowa mun hau kwalta mun yi nisa, Hajiya ta dubi agogo ta dube ni.

“Malam Habu, kifin fa sun sauka.”

Ashe har lokacin tafiyar mai keke nake yi.

To, abin da na ɗauka daga ranar shi ne, tafiya ba a bakin sitiyari take farawa ba. Ta Alhamis ɗin nan tun Talata aka yi ta, a kan babur. Ba a raina hanya don gajarta, kuma ba a jin kunyar tambaya. Ni da shekaruna a tuƙi, mai kiwon shanu ne ya fitar da ni. In an ba ku mota da takarda, ku tambayi abin da za ku ɗauka, da wanda ke jiran sa. Akwai ranar da mutuncin wani dattijo ne za a ɗora muku a baya, ba wanda zai rubuta muku haka a takardar izini.