Baba Ajiya da Baƙar Jaka

Shekara shida na yi ina sayar da tikiti a tashar bas, kuma bango ɗaya ne ya raba tagata da ɗakin Baba Ajiya. Ɗakin kayan mantuwa ne. Duk abin da fasinja ya bari a mota ko a kan benci nan ake kawo shi: lema, tabarau, takalmi ƙafa ɗaya, har haƙoran roba na taɓa gani.

Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa, kullum da zare da ƙaramin almakashi a aljihunsa. In an kawo kaya sai ya buɗe a gaban wanda ya kawo, ya duba ciki da waje, ya yanki kati ya rubuta rana da motar da aka tsince shi, ya ɗaura. Abin da ya gani a ciki kuwa ba ya rubutawa, a kansa yake ajiyewa. In mai kaya ya zo, magana ɗaya ce: "Faɗa mini alama." Ba launi yake nufi ba, wannan kowa zai leƙo ya gani. Abin da mai shi kaɗai ya sani yake so, kamar yagewar aljihun ciki ko abin da aka naɗe a ƙasan jaka.

Wannan magana ta jawo masa baƙin jini ba kaɗan ba. Direbobi sukan ce ko inuwarka ka manta a tasha sai ka faɗi alama. Ni ma ban tsira ba. Wata rana na bar rigar sanyina a benci, rigar da yake ganina da ita kullum, amma ya tsare ni da ido.

Na ce, "Haba Baba, ni ce fa."

Ya ce, "Na san ke ce, 'yar nan. Amma ran da na ba ki don na san ki, gobe zan hana wani don ban san shi ba."

Na ji kamar in shaƙe shi. Na faɗa masa maɓallin ƙasa ba irin sauran ba ne, ya miƙo mini yana murmushi kamar ya yi mini kyauta.

Shi kaɗai yake cin abincin rana, a kan kujerarsa, da 'yar butar shayinsa mai lotsattsen murfi. Ba ya shiga hirar tasha, ba ya aron lema daga ɗakin ko da ruwa zai jiƙa shi jagab. Mutane suna ganin girmansa, amma daga nesa. Ban taɓa ganin wani ya zo wurinsa don shi ba, sai don kaya.

A can saman katako akwai wata baƙar jakar hannu ta mata, an naɗe ta a leda. Dokar tasha wata uku ce, bayan nan a kwashe kayan da ba a nema ba. Wannan jaka kuwa shekararta tara. Matar da ke share tasha ce ta ba ni labarin. Jakar matarsa ce. Ta shiga mota za ta wurin 'yarsu tilo, wadda ke aure a wani gari kuma haihuwarta ta kusa. Ciwo ya kama ta a hanya, aka sauke ta a asibiti, bayan kwana biyu ta cika. Jakar ta dawo a motar, kwandasta ya kawo ta ɗakin bai san ta wace ce ba. Baba ya buɗe, ya duba, ya ɗaura mata kati.

Bayan an share makoki 'yar ta zo tasha da tsohon cikinta, ta ce ya ba ta jakar mahaifiyarta. Ya ce, "Uwata, faɗa mini alama." Ta yi zaton ba ta ji daidai ba. Ya maimaita. Ta juya ta shiga mota, kuma tun ranar ba ta sake tako garin ba. Jikar da aka haifa a hoto kawai ya san ta.

Da na ji wannan, sati guda ban gaishe shi ba. Gaskiya daban, taurin kai daban, kuma a ganina tsohon nan ya kasa bambance su.

Sai ga lokacin ritayarsa ya zo. Sabon manaja ya ce za a mai da ɗakin shagon cajin waya, ranar Juma'a motar shara za ta kwashe abin da ya rage. Ranar Laraba na same shi ya sauko da jakar, ya ɗora a cinya, bai cire ledar ba.

Na ce, "Baba, ka tafi da ita gida mana. Ta matarka ce."

"Na riga na ga cikinta. Wanda ya ga ciki ba ya faɗin alama."

"To sai ka bari a zuba ta a shara? Ka rasa mata, ka kori 'ya, yanzu kuma jakar? Wallahi wannan ba amana ba ce, mugunta ce."

Na ɗauka zai yi fushi. Ya daɗe yana murza zaren katin, sannan ya ce, "Ba hana ta na yi niyya ba. Ranar nan da na buɗe jakar, ni kaɗai na san abin da kowane abu yake nufi. So na yi in ji wani ya faɗa da bakinsa, in san ba ni kaɗai na san ta ba. Ban iya roƙo ba, 'yar nan. Tambayar nan kaɗai na iya."

Tausayinsa ya kama ni, har na ji kunyar bakina.

Ni nake karanta masa saƙonnin wayarsa saboda idonsa ya yi rauni, don haka na san lambar 'yarsa. Ranar Alhamis da hantsi na kira ta ban nemi izininsa ba. Na faɗa mata ko ni wace ce, da maganar motar shara, da abin da ya ce, ban rage komai ba. Sai ta ce in kai masa wayar. Na ƙara murya na ajiye a kan teburinsa.

Ba ta gaishe shi ba. Ta ce, "Zif ɗin ciki ya mutu, da jan zare take ɗaure shi. Akwai alewar tari, ba ta rabuwa da ita. Akwai hotonka na katin aiki, wanda ta ce ka fito kamar an kama ka da laifi." Ta ci gaba da cewa, "Akwai hular jariri da take saƙawa. Ta ce mini saura kaɗan, a mota za ta ƙarasa."

Baba ya dafa teburin da hannu biyu. Ya ce, "Ruwan ɗorawa ce. Ba ta ƙarasa ba."

"Na sani tun ranar, Baba. Duk na sani. Ka ba direba ya kawo mini." Ta kashe wayar.

Ya ɗauko almakashinsa ya yanke katin. Na ce bari in kira direban motar sha biyu. Ya girgiza kai, ya ce kayan ajiya hannu da hannu ake bayarwa, bai taɓa aikawa da ko allura ba. Ya kulle ɗakin, ya zagayo ya shiga layi bayan mutum huɗu, ya ƙi yarda in tsallake da shi. Shekara talatin da ɗaya yana aiki a tashar nan, ranar ya fara sayen tikiti.

Na ce, "Zuwa da dawowa?"

Ya ce, "Ba ni na zuwa. Sauran ba a hannuna yake ba."

Na hange shi ta taga ya zauna a kujerar baya, jakar a cinyarsa, ya riƙe ta kamar za a ƙwace. Bai ɗaga mini hannu ba. Sai da motar ta fita na ga butar shayinsa a bakin tagata, inda ya ajiye ta zai karɓi tikiti.

Yanzu kiɗa ke tashi daga shagon cajin waya tun safe har a tashi aiki, kuma ba mai ce mini 'yar nan. Ina kewarsa, ban zaci haka ba. Butar tana ƙarƙashin teburina, na yanki kati na rubuta rana na ɗaura mata. Wata bakwai ke nan bai zo nemanta ba, kuma kullum addu'ata kada ya zo.